Wa Ya Ɗauko Ƙasar Ganuwa? Yadda Tsingaro Da Juji Ke Ba Da Labarin Talakawan Da

A ranin da ya wuce wani maƙwabcinmu a Furana ya sa aka haƙa masa salga a bayan gida. Da ramin ya kai kamar ƙugun mutum sai ƙasar ta sauya launi, ta koma toka-toka, masu haƙa suka fara watso tsingaro da guntun dutsen niƙa. A cikin tarkacen akwai wani ɗan dunƙulen yumɓu mai huda a tsakiya, bai kai girman goro ba. Yara suka ɗauke suna gara shi. Na karɓa na kai wa kakata don in ji ko ta san shi.

Tana gani ta ce, "Kai ɗan nan, ina ka samo gululu?"

Na ce, "Iya, mene ne kuma gululu?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce shi ne ake sa wa mazari ya yi nauyi idan ana kaɗi. Mace za ta zauna da auduga da alli da 'yar tasa, ta yini tana murza zare, ranar kasuwa a kai wa masaƙa. Ta ce da kuɗin zare uwarta ta saya mata tasoshin aure. Daga nan ta shiga lissafa matan da suka iya kaɗi a unguwarsu, sunaye sun fi goma, kuma ko ɗaya ban taɓa ji ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Mu da muke kallon finafinan tarihi mun saba ganin sarki da gimbiya da jarumi bisa doki. Mai kaɗin da ta yi zaren rigar sarkin kuwa, in ma an nuna ta, a bayan fage take, ba ta da ko kalma ɗaya. To akwai wani ilimi da aikinsa shi ne nemo irin waɗannan mutane, kuma shi nake so mu tattauna yau.

Mene ne ilimin kufai?

Turawa suna kiransa akiyoloji, mu kuma mu ce ilimin kufai ko binciken tarihi ta hanyar tono. Wanda ya kalli finafinan Indiana Jones, waɗanda suka fara fita a 1981, zai ɗauka aikin shi ne shiga kogo da bulala a sato gunkin zinare. Masu aikin na gaske dariya suke yi wa wannan. Yawancin lokacinsu yana tafiya ne a durƙushe cikin rami mai kusurwa huɗu, da ƙaramin cokalin magina da burushi da rariya, suna tankaɗe ƙasa suna rubuta inda kowane guntu ya fito.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce: abin da ke ƙasa ya riga abin da ke sama. Gidan ƙasa yakan rushe, a baje shi, a sake gini a kai. Juji yakan taru shekara da shekaru. Saboda haka ƙasar tsohon gari hawa-hawa take, kowane hawa zamaninsa daban. Idan aka tone ta da hankali, ana karanta ta kamar fim daga ƙarshe zuwa farko. Idan kuma aka kwashe ta da katafila aka cakuɗa, tamkar an yayyanka fim ne an watsa, hotunan suna nan amma labarin ya tafi.

Ta yaya ake sanin shekaru? Hanya ɗaya ita ce gwajin gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa bayan mutuwa, rabinsa yana ɓacewa a duk shekara 5,730 ko kusa da haka. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya gano dabarar auna wannan a ƙarshen shekarun 1940, har ya samu kyautar Nobel a 1960.

Wata hanyar kuma ko kai ma za ka iya. Taba da masara daga nahiyar Amurka suka zo, bayan tafiyar Kolombus ta 1492. Don haka in ka ga tukunyar shan taba ta yumɓu, ko tsingaron da aka yi wa ado ta hanyar gara totuwar masara a jikin ɗanyen yumɓu, ka san wannan hawan bai kai shekara 550 ba. In ka ga anini ko kwabo mai huda, zamanin Turawa ne, domin daga 1907 aka fara buga su. In ka ga kwabon naira, daga 1973 ne zuwa yau. Wuri kuwa, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, yawancinsa daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ya taso. Ƙwaya ɗaya a jujin ƙauye shaida ce cewa mai gidan yana da alaƙa da kasuwar da ta ratsa teku.

Zazzau kafin a fara rubutu

Ba sai mun je Masar ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai sashe guda na wannan ilimi, kuma tun shekarun 1970 ake tono a kewayen birnin. Wani malami mai suna John Sutton da abokan aikinsa sun yi bincike a yammacin Samaru, suka samu wuraren narka tama: ragowar murahun yumɓu, bututun da ake zuga iska ta ciki, da tarin kashin maƙera. Gwaji ya nuna aikin ya haura shekara 1,000. Haka ma a Dutsen Dala na Kano, an samu shaidar narka ƙarfe da ta koma wajen ƙarni na 7.

Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Jerin sunayen sarakunan da muka haddace a makaranta bai ambaci waɗannan mutane ba. Amma sai da wani ya haƙo tama, wani ya sare itace ya toya gawayi, wani ya kwana yana zuga, kafin a samu fartanyar noma da mashin yaƙi. Wata kuma ta dafa musu abinci ta kai musu daji. Kashin maƙeran da yara ke jifan tsuntsu da shi a gona shi ne kaɗai sa hannun da suka bari.

Sai mu zo kan ganuwa. Wanda ya kalli fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da Netflix ta saki a 2021 ya ga sarauniya da rundunarta. A bakin mutane ma tsofaffin ganuwowi da yawa "ganuwar Amina" ake ce musu. Kufan Turunku, a ƙaramar hukumar Igabi, har yanzu akwai alamun ganuwarsa, haka ma gindin Dutsen Kufena. Birnin Zariya kuma ga ƙofofinsa nan da muke wucewa kullum: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur da sauransu. A Kano, littafin tarihin sarakunan birnin ya ce an fara ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa.

To amma sarki umarni ya bayar. Ganuwar da ta kewaye birni ƙasa ce da aka ɗauko a kwando bisa kai, aka kwaɓa da ruwan da aka ɗebo a tulu, kuma duk shekara bayan damina sai an koma yaɓe. Talakawa da bayi ne suka yi wannan aiki. Kududdufan da ke cikin tsofaffin unguwanni ma ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, wato duk kududdufi inuwar wasu gidaje ce. Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, mun san babban magininsa, Babban Gwani Muhammadu Durugu. Waɗanda suka murza tubalin da suka ɗauko azara babu wanda ya rubuta sunansu. Sai dai wani lokaci in tsohon tubali ya fashe akan ga shatin yatsun wanda ya murza shi.

Namu yankin fa?

Wani zai ce ai Ikara da Maƙarfi da Kudan ba birane ba ne, me za a tono? Ga amsa. A ƙarni na 19 arewacin Zazzau da kudancin Kano yanki guda ne na auduga da saƙa da rini, kuma garuruwa irin su Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi suna cikinsa. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin ƙasar nan ke kaiwa har Timbuktu da ƙetaren Sahara. Rawanin da Buzu ke naɗawa a tsakiyar hamada yana iya zama zarensa daga ɗakin wata matar kulle ya fito, irin mai gululun nan.

Marina tana barin alama mai wuyar ɓacewa. Ramin rini ana shafe cikinsa da laso, wani irin siminti na gargajiya da ake haɗawa da katsi, wato dattin da ke kwanciya a ƙasan ramin baba, a toya shi a daka, a gauraya da gashin jima da ruwan dafara. Shi ya sa ko an binne marina shekaru da yawa, bakunan ramukan sukan fito a jere kamar zobba idan ruwa ya zaizaye ƙasa. A Kano marinar Ƙofar Mata tana aiki har yau, masu yawon buɗe ido suna zuwa kallo. A ƙananan garuruwa kuwa sau da yawa sunan unguwa kawai ya rage. Duk inda ka ji ana ce wa wuri Marina ko Majema ko Maƙera ko Masaƙa, sunan yana gaya maka abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Akwai kuma tarihin kusa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta yankinmu, da tashoshi irin su Likoro da Gimi. Su wa suka share daji suka jera ƙarafan? Leburori ne da aka tattaro daga ƙauyuka, da yawa ba da son ransu ba. A Anchau, maƙwabtan Ikara, Turawa sun tashi mutane daga tsofaffin matsugunansu tun daga ƙarshen shekarun 1930 don yaƙi da ciwon barci, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Duk ƙauyen da aka tasa ya bar kufai: bishiyar kuka, tsohuwar rijiya, duwatsun murhu, tudun juji. Haka nan wuraren da ake matse rake a dafa mazarƙwaila, sana'ar da aka san Maƙarfi da Kudan da ita, su ma suna barin murahu da toka da wata rana za su zama abin nazari.

Kabarin sarki da tukunyar talaka

Don a ga bambancin, mu leƙa Durɓi Takusheyi kusa da Mani a Jihar Katsina. A can akwai manyan tuddan kaburbura. An tone wasu a 1907, aka sake tone wasu a 1992. An samu 'yan kunne na zinare, awarwaron hauren giwa, da tasar ƙarfe da ta fito daga ƙasashen Larabawa. Kayan sun nuna cewa shekaru ɗaruruwa da suka wuce manyan ƙasar Katsina suna hulɗa da duniya mai nisa. Wannan abin alfahari ne, amma labarin masu mulki ne.

Yanzu kwatanta da wannan. A kudancin Jiharmu ta Kaduna akwai al'adar Nok, wadda Bernard Fagg ya fito da ita duniya a shekarun 1940 bayan masu haƙar kuza sun tono kawunan yumɓu. Kowa ya san kawunan. Amma masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, sun kula har da tsingaro da ƙonannun ƙwayoyi. Suka gano mutanen suna noma gero da wake. A 2021 kuma aka wallafa sakamakon gwajin maiƙon da ya shige jikin tsingaron, inda aka samu alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo. Ma'ana wajen shekara 3,500 da suka wuce mutane a wannan jiha suna ɗibar zuma suna sarrafa ta a tukunya. Fasasshiyar tukunyar da ba wanda zai saya ko naira biyar ita ta faɗi wannan.

Juji ba ya fadanci. A 1973 wani malami a Amurka, William Rathje, ya sa ɗalibansa suka riƙa tone sharar gidajen birnin Tucson suna kwatanta ta da abin da masu gidajen suka faɗa da bakinsu. Sai aka ga abin da mutane ke cewa suna ci suna sha daban, abin da bolarsu ta nuna daban. Maroƙi zai iya ƙara wa sarki tsawo, amma ƙashin da ke juji zai faɗi ko gidan nama ake ci ko sai da salla.

Muryar wata tsohuwa

Tono shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da bakin tsofaffi. Misali mafi kusa da mu shi ne Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 a wani ƙauye kusa da Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa a ƙarshen 1949 da farkon 1950 tana rubuta tarihin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Ba gimbiya ba ce, ba matar sarki ba. Ta ba da labarin aure da kishi da ƙawance da goyo da kaɗi, da fargabar mahara masu kama mutane, da rinjin danginta inda bayi ke zaune suna noma.

Wannan batu na rinji yana da nauyi, kuma ba mu cika son taɓa shi ba. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Zazzau da Kano asalinsu rinji ne. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kan gandayen Fanisau kusa da Kano, ya fito a 2011. Bayin da suka zauna a irin waɗannan wurare an kamo su daga ƙabilu daban-daban, ba su bar rubutu ba. Abin da zai iya nuna irin ɗakin da suka kwana, abincin da suka ci, ko sun ci gaba da gina tukwane irin na garinsu na asali, yana cikin ƙasa.

Kiɗan da ya rage a dutse da daɓe

Masoya waƙa, ga naku. Da can in an gina sabon ɗaki, mata ne ke taruwa su yi daɓe: a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a jeru da madaɓai ana bugu tare ana waƙa. Bugun shi ne kiɗan. Idan mai tono ya ci karo da tsohon daɓe mai tauri a ƙarƙashin ƙasa, abin da ya samu wurin da mata suka yini suna waƙa ne. Haka dutsen niƙan da ya lotsa a tsakiya: shekarun niƙa ne da waƙar niƙa, inda mace ke amayar da abin da ba ta iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido. Luguden daka da amon mabuga a kan rinannen yadi duk daga aiki suka fito. Kiɗan ƙwarya na amada da marigayiya Barmani Choge ta yi fice da shi har ta rasu a 2013, daga wannan duniya ta matan cikin gida ya taso.

Akwai ma kayan kiɗan da ba sa ruɓewa. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, kusa da zane-zanen da ke jikin duwatsu, Bernard Fagg ya ba da rahoto a tsakiyar shekarun 1950 kan wasu duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan aka buga su da ƙaramin dutse. Wuraren da aka daɗe ana bugu sun lotsa sun yi sulɓi. Mai haɗa kiɗa a situdiyo da ke neman sautin da ba a saba ji ba, ga shi nan a gida.

Me ya sa ake cewa "na jama'a"?

Da can masani yakan zo ya tone, ya kwashe kaya ya tafi, mutanen gari ba su san abin da aka samu ba. Yanzu an gane wannan kuskure ne. Abin da ya faru a birnin New York a 1991 ya taimaka wajen sauya tunani. Ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati a Manhattan sai aka ci karo da maƙabartar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, ta ƙarni na 17 da na 18. An fito da gawarwaki 419. Jikokin bayi na birnin suka tashi tsaye suka ce ba za a yi da kakanninsu yadda aka ga dama ba. Aka miƙa binciken ga Jami'ar Howard ƙarƙashin Michael Blakey. Ƙasusuwan sun nuna wahalar ɗaukar kaya masu nauyi da ƙarancin abinci, kuma da yawa yara ne. An samu wata mata da aka binne da jigida ta duwatsu da wuri a ƙugunta, al'adar da ta tsallako teku da ita. A 2003 aka sake binne su da girmamawa, a 2006 wurin ya zama abin tarihi na ƙasa.

In kuna son ganin wani ɓangaren a fim, ku nemi The Dig na 2021. Labarin gaske ne na tonon Sutton Hoo a Ingila a 1939, inda Basil Brown, mutumin ƙauye da bai yi jami'a ba, ya gano jirgin ruwan da aka binne wani babban mutum a ciki, amma aka daɗe ba a ambaton sunansa yadda ya kamata. Ko a cikin masu tonon ma akwai waɗanda ake mantawa. A nan gida, mai haƙa rijiya da magini da manomi su ne suka fi kowa sanin cikin ƙasa, kuma kusan duk babban abin da aka gano wani daga cikinsu ne ya fara gani.

Har fim ma ana tono shi

Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 mai shirya finafinai Didi Cheeka ya ci karo da faifansa cikin tarin gwangwanayen fim da aka yasar a wani tsohon ginin hukumar finafinai a Legas. Aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Labarin kansa na yaro ne da aka sace aka sayar da shi bawa, da uwar da ta ratsa hamada tana nemansa.

Ku duba namu. Turmin Danya ya fito a 1990. Kasakasan bidiyo na wancan zamani, da fastocin da ake liƙawa a shaguna, da kasakasan Shata da aka ɗauka a wurin biki, ina suke? Da yawa suna cikin buhu a zaure, zafi da gara suna cin su. Shekara 40 ma ba a yi ba, amma tuni sun fara zama kufai.

To me za mu iya yi?

Ganuwar Kano tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma duk mai wucewa yana ganin yadda ake cin ta da gine-gine da ɗibar ƙasa. Ta Zariya ma haka. Kayan Nok kuwa an yi ta haƙe su a ɓoye ana fitarwa Turai, musamman a shekarun 1990, wuraren da aka haƙe kuma sun lalace har abada. Abin da aka rasa a ƙasa ba ya da kwafi.

Ga abin da ke hannunmu. In ka ci karo da tsohon abu wajen haƙa, ka ɗauki hotonsa a inda yake kafin a taɓa, ka ajiye biro ko takalmi a gefe don a gane girmansa, ka rubuta wurin da zurfin. Kada ka kama tono da kanka don neman ƙari, kuma kada ka sayar wa dillali. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta hana tono ba izini da fitar da kayan tarihi waje. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci, sannan a kai labari gidan tarihi na Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, ko sashen ilimin kufai na jami'a a Samaru. In ƙashin mutum ne, a dakata da aiki, a rufe shi, a kira manya da malamai. Mamaci yana da haƙƙi ko shekararsa nawa.

Na biyu, wayar da kake ɗaukar bidiyon TikTok da ita ta isa ta ɗauki hira. Zauna da kaka ko tsohon unguwa ka tambaya: ina tsohuwar kasuwa take? Ina marina? Wa ya haƙa rijiyar masallaci? Wace waƙa ake yi wajen daɓe? Ka nemi izininsu, ka ajiye muryar a wuri biyu.

Na uku, ga masu rubuta labarin fim da masu tsara kaya. In za a yi fim ɗin zamanin da, a daure a tambaya kafin a sa wa jaruma leshi da kwanon roba a ƙarni na 16. Kuma a gwada juya kyamara ko sau ɗaya: labarin marini da ya ci bashin baba, ko baiwar da ke rinji tana tara kuɗin fansar kanta, ko yarinyar da ke ɗaukar ƙasa ranar yaɓen ganuwa ta haɗu da wanda take so. Soyayya da kishi da cin amana duk akwai su a can, ba sai an aro daga Indiya ba.

Gululun nan yana wurin Iya, ta ɗaure shi a bakin zane ta ce nata ne. Na ɗauki muryarta ta kusan awa ɗaya tana bayanin kaɗi, har ta rera mini abin da uwarta ke rerawa. Salgar kuma an gama ta an rufe, abin da ya rage a ramin ya tafi. In a garinku akwai kufai ko tsohuwar marina ko guntun ganuwa, ku je ku gani tun yana nan, ku tafi da wani tsoho ya nuna muku.